Aikin Garki (1969–1976): Tarihin Wani Bincike Kan Zazzaɓin Cizon Sauro a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi zurfi a ilmin zazzaɓin cizon sauro, a Landan ya yi karatu ko a Amurka, da wuya ya ƙare bai ji sunan Garki ba. Amma a nan gida in aka ambaci Garki, sai hankalin yawancin mutane ya tafi ga wata unguwa ta Abuja. Garkin da ake nufi a wannan takarda ita ce gundumar da ke arewa maso gabas da birnin Kano, wadda a da take cikin Jihar Kano, ta kuma koma Jihar Jigawa a shekarar 1991. A can ne Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani bincike daga 1969 zuwa 1976, wanda masana wannan fanni ke lissafawa cikin mafi girman binciken da aka taɓa yi kan wannan cuta a Afirka. Maƙasudin takardar shi ne a bi diddigin dalilin yin aikin, da yadda aka yi shi, da abin da aka gano, sa'an nan a dubi wa ya ci moriyarsa.

Abin da ya gabaci Garki

A shekarar 1950 aka yi wani taro a Kampala, inda masana suka rabu biyu. Wasu suka ce a ƙasashen da cutar ta yi kanta, manya sun riga sun sami garkuwar jiki saboda yawan cizo tun suna yara, don haka in aka rage cutar na ɗan lokaci sa'an nan aka janye, garkuwar za ta raunana, cutar kuma ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Wasu suka ce wannan ba hujja ba ce ta zuba ido ana binne jarirai. Ra'ayi na biyu ne ya rinjaya a takarda. To, amma da Hukumar ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya a 1955, sai aka bar mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara a gefe, aka ce a fara da ƙananan gwaje-gwaje tukuna.

Biyu daga cikin waɗannan gwaje-gwaje a Nijeriya ta Arewa aka yi su. Na farko shi ne na yammacin Lardin Sakkwato, a kewayen Birnin Kebbi, wanda aka soma a 1954 da feshin DDT da dieldrin da BHC a cikin ɗakuna. Ba a je ko'ina ba sai aka tarar sauron yankin Ambursa ya daina mutuwa da dieldrin, aka kuwa buga labarin a 1956. Na biyu shi ne na Kankiya a Lardin Katsina cikin shekarun 1960, inda aka haɗa feshin DDT da rabon ƙwayoyin magani ga jama'a baki ɗaya. An yi amfani da lissafin Farfesa George Macdonald, wanda ya nuna cewa in an yi haka yaɗuwar cutar za ta yanke. Ba ta yanke ba. A 1969 babban taron Hukumar ya amsa cewa shirin kawar da cutar bai kai ga biyan bukata ba, sai an sake dabara. Tambayar da ta rage kuwa ita ce: shin rashin nasara a irin ƙasarmu daga sakacin ma'aikata da ƙarancin kuɗi yake, ko kuwa makaman ne da kansu ba su isa ba? Don a amsa wannan aka zo Garki, aka kashe fiye da dalar Amurka miliyan 6.

Yadda aka yi aikin

An kasa aikin kashi uku: lokacin nazari kafin a taɓa kome, daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1972, lokacin yaƙi da cutar, watau daminar 1972 da ta 1973 da ranin da ke tsakaninsu, sai lokacin lura da abin da zai biyo baya bayan an janye. Ƙauyuka 164 shirin ya shafa, amma 22 aka ware don bin diddigi, cikinsu har da Kwaru da Ajura da Sugungum da Rafin Marke da Matsari. A waɗannan an ƙidaya kowa da kowa, aka ba kowane mutum lamba, kuma kowane mako goma a kan zo a ɗebi ɗigon jini daga yatsa, a shafa a gilashi, a duba da madubin likita. Ana rubuta haihuwa da mutuwa da tafiya da dawowa. Game da sauro kuwa, akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne su kwana zaune da ƙafafu a buɗe, cikin ɗaki da waje, suna kama duk sauron da ya sauka a kansu, kashegari a fede shi a ga ko yana ɗauke da ƙwayar cutar. Ya kamata mu tsaya a kan wannan, domin littattafai sun kiyaye sunayen manyan masanan, amma alƙaluman nan da duniya ke alfahari da su daga ƙafafun 'yan ƙasa da yatsun talakawa aka samo su.

Abin da nazarin farko ya nuna ya isa ya sa mutum ya yi shiru. A tsakiyar damina, a ƙauyen da abin ya fi tsanani, an ƙiyasta cizo 174 ga mutum guda a dare guda. A shekara kuwa an sami inda mutum ke shan cizo mai ɗauke da cuta har sau 145, mafi yawansu cikin watannin ruwa. Kusan kowane yaro da ya wuce yaye akwai ƙwayar falciparum a jininsa, ko yana kwance ko yana wasa a dandali.

An raba ƙauyukan. Wasu ba a yi musu kome ba, don a auna sauran da su. Wasu an yi musu feshi kaɗai, da wani magani mai suna propoxur. Wasu an haɗa musu feshi da rabon ƙwayar sulfalene da pyrimethamine kowane mako goma. Kashi na ƙarshe su ne aka tsananta wa: feshi, da magani kowane mako biyu da damina, har da zuba maganin kashe 'ya'yan sauro a kududdufai a wani lokaci.

Abin da aka gano

Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da ita bai ragu ba sai da kusan kashi 25 cikin 100. Wanda bai saba da wannan lissafi ba zai ga kamar akwai kuskure. Babu. Mu ɗauka, alal misali, ƙarfin sauron wani ƙauye ya ninka abin da cutar ke bukata don ta ɗore sau ɗari biyar. In aka rage kashi tara cikin goma, saura ninki hamsin. Mutumin da a da yake shan mugun cizo sau ɗari a shekara yanzu sau goma yake sha, alhali kuwa ƙwayar da ta shiga jini tana iya yin watanni a ciki. Da wanda aka ciza sau goma da wanda aka ciza sau ɗari, a gilashin mai duba jini duk ɗaya suke.

Dalili na biyu ya fi wannan ban sha'awa. Feshin ɗaki an gina shi ne bisa zaton cewa sauro in ya sha jini sai ya huta a jikin bango, ya taka guba. Sauron Garki iri uku ne masu muhimmanci, gambiae da arabiensis da funestus, kuma wani kashi daga cikinsu, musamman na biyun farko, in ya ci sai ya fice waje ya huta. Masanin nan ɗan Italiya, Mario Coluzzi, da abokan aikinsa sun nuna cewa wannan hali yana da alaƙa da ƙwayoyin gado na sauron. Ma'ana, ba kowane sauro ne ke caca da ransa a kowane dare ba. Akwai jinsin da kullum a waje yake, guba ba ta samunsa, shi ne kuma ke riƙe cutar. Kowa a wannan zaure ya san kuma cewa da zafi mutanenmu a tsakar gida suke shimfiɗa, hira kuwa a waje ake yinta har dare ya raba.

A inda aka haɗa feshi da magani kowane mako biyu, masu ɗauke da cutar sun ragu har zuwa kusan mutum 1 cikin 100 da rani, mutuwar jarirai ma ta ragu a fili. Duk da haka yaɗuwar ba ta yanke ba. Ba a taɓa samun ranar rabo da kowa yana gida ba: wani yana kasuwa, wani ya tafi ci-rani, ga baƙi, ga makiyaya masu wucewa. A tuna kuma shekarun 1972 da 1973 shekarun fari ne a duk faɗin Sahel, watau yanayi ma ya taimaka wa masu feshin. Da aka janye a ƙarshen 1973, an ci gaba da ba da kulorokwin don kare yara da masu zazzaɓi, amma cikin damina biyu cutar ta koma yadda take. An ga alamar garkuwar jiki ta ɗan yi rauni, sai dai annobar da aka ji tsoro a Kampala ba ta auku ba.

Akwai wani sakamako da ba shi aka fita nema ba. Dakta Alan Fleming da abokansa sun binciki jinin mutanen Garki game da amosanin jini, suka tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 da cutar ake haihuwarsu, amma cikin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu saura kashi 0.4 cikin 100 kawai, a manya kuwa kusan babu. Sauran sun rasu tun kafin a san abin da ke damunsu. Waɗannan alƙaluma na 1979 an daɗe ana kafa hujja da su in ana maganar amosanin jini a karkarar Afirka.

Wa ya ci moriya?

A 1974 Klaus Dietz da Louis Molineaux da A. Thomas suka fito da sabon lissafin yaɗuwar cutar wanda ya sa garkuwar jiki a ciki, abin da na Macdonald bai ba muhimmanci ba. A 1980 Hukumar ta buga cikakken rahoton da Molineaux da Gabriele Gramiccia suka rubuta. Hukuncinsa shi ne cewa a karkarar irin wannan yanki ba za a ba da shawarar feshin ɗaki a matsayin hanyar magance cutar ba, abin da ya fi shi ne a kai magani kusa da mai zazzaɓi don a hana mutuwa. Wannan ya zo daidai da ra'ayin taron Alma-Ata na 1978 kan kiwon lafiya a matakin farko.

A ganina a nan ne aka yi wa Garki gurguwar fahimta. Rahoton ya ce ba a iya kawar da cutar da waɗannan makamai ba. Mahukunta a wurare da dama suka ji kamar an ce ba abin da za a iya yi. Kusan shekara ashirin yaƙi da sauro ya yi sanyi a Afirka, ana dogara da kulorokwin kaɗai, shi kuwa ya fara gazawa a Afirka ta Gabas a 1978, gazawar ta iso Nijeriya cikin shekarun 1980, ba a kuma sauya shi a hukumance da magungunan artemisinin ba sai 2005. An manta da rabin sakamakon, watau cewa magani da damina ya ceci yara, ko da bai kashe cutar ba. Sai a 2012 Hukumar ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 magani kowane wata da damina a ƙasashen Sahel, aka fara gwada shi a Jihar Katsina a 2013. Ba a ce Garki ce ta haifi wannan shiri kai tsaye ba, don an yi wasu gwaje-gwaje a Senegal da Mali da Burkina Faso. Abin da ake cewa shi ne hujjar tana nan a rubuce tun 1980.

Ta fuskar manufar kimiyya kuwa, lokacin da aikin ke ƙarewa ƙasar nan tana da kuɗin man fetur, tana kuma kafa hukumomi: Cibiyar Binciken Likitanci ta Ƙasa a Yaba a 1977, Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1980, shekarar da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Ikko cewa za su kai kuɗin kimiyya kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa. Ga jama'a da aka ƙidaya gida-gida, ga masu duba jini da masu kama sauro da suka ƙware, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano. Da an riƙe Garki a matsayin tashar bincike ta dindindin, kamar yadda Ghana ta yi da Navrongo daga baya, da yau muna da tarihin lafiyar gunduma guda na shekara hamsin. Ba a riƙe ta ba. Alƙaluman sun tafi Janeba, daga can suka shiga kwamfutocin jami'o'in Turai da Amurka, inda aka yi ta gwada sababbin lissafi da su, ɗalibai suna samun digiri a kansu. Rahoton kansa da Ingilishi ya fito, mutanen da aka ɗebi jininsu kowane mako goma kuwa Hausa suke ji.

A rahotannin Hukumar na shekarun 2020, Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya. A watan Disamba na 2024 aka fara yi wa yara allurar rigakafin R21 a jihohi biyu, Bayelsa da Kebbi, watau ƙasar da aka fara feshin 1954. Tambayoyin da ya kamata wannan taro ya yi wa masu shirin su ne waɗanda Garki ta bari: yara nawa ne ba sa gida ranar allura, wa ke rubuta abin da ke faruwa da su, a ina za a ajiye rubutun, kuma da kuɗin wa za a ci gaba ranar da masu ba da agaji suka naɗe tabarmarsu.