Kirsimeti da Kiran Sujada: Daga Baitalami zuwa Ƙasar Kazaure

Gabatarwa

Duk mai hidimar da ya yi aiki a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura ya san yadda watan Disamba yake zo mana. An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an kai riɗi da gyaɗa kasuwa, hunturu ya sauka. Majami'un cikin gari sukan rage mutane, domin ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu sun tafi garuruwansu. Na ƙauye kuwa cika suke yi, saboda 'ya'yanmu da ke Kano da Abuja da Legas sun dawo gida. Maƙwabtanmu Musulmi suna kiran ranar Sallar Kirista, waɗansu kuma su ce bikin Turawa ne. A cikin ikkilisiya ma akwai matasan da ke tambaya ko wace aya ce ta umarce mu da yin Kirsimeti. Wajibi ne fasto ya iya amsawa da gaskiya, kuma tarihi zai taimake shi.

Ranar da Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba

Matiyu da Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwar Yesu, kuma babu wanda ya ambaci rana ko wata a cikinsu. Masu bi na farko sun fi mai da hankali ga ranar Lahadi da Idin Tashin Almasihu daga matattu. Wajen shekara ta 200, Kilemen, wani malamin ikkilisiya a Iskandariya ta Masar, ya rubuta cewa mutane suna lissafa ranar haihuwar daban-daban, waɗansu a Afrilu, waɗansu a Mayu.

Shaida mafi daɗewa ta bikin 25 ga Disamba tana cikin wani kundin kalanda na birnin Roma da aka haɗa a 354, wanda ya nuna ana kiyaye ranar tun 336. Masana suna da bayani biyu a kan zaɓen ranar. Na farko, wai ikkilisiya ta ɗora bikinta ne a kan ranar da Romawa ke girmama gunkin rana, domin ta juyo da mutane ga Hasken gaskiya. Na biyu, tun da daɗewa masu bi sun ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da Maryamu ta ɗauki ciki, in an ƙara wata tara sai a faɗo kan 25 ga Disamba. Ikkilisiyoyin gabas kuwa 6 ga Janairu suka fara riƙewa. A wani wa'azi da Yohanna Kirisostom ya yi a Antakiya wajen 386, ya ce bikin Disamba bai kai shekara goma da zuwa birninsu ba. Har yau Armeniyawa suna kan 6 ga Janairu, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuma ranarsu takan faɗa kan 7 ga Janairu.

Saboda haka kada mu hau bagadi mu ce mun san ranar da aka haifi Ubangiji. Ranar al'ada ce ta ikkilisiya. Abin da ake tunawa a cikinta shi ne koyarwar manzanni.

Gardamar da ta ba bikin nauyinsa

Yaɗuwar Kirsimeti ta zo daidai da babbar gardamar ƙarni na huɗu. Ariyus, wani dattijon ikkilisiya a Iskandariya, ya koyar cewa Ɗan halitta ne, mafi ɗaukaka cikin halittu, amma akwai lokacin da babu shi. A 325 shugabannin ikkilisiya suka taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, suka ƙi wannan koyarwa, suka tabbatar cewa Ɗan ainihinsa ɗaya ne da Uba. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328, sau biyar aka kore shi daga kujerarsa saboda ya tsaya a kan wannan. Hujjarsa mai sauƙin ganewa ce: halitta ba ta iya ceton halitta, kuma haramun ne a yi wa halitta sujada. Idan jaririn Baitalami halitta ne kurum, to, masu hikimar da suka rusuna masa sun yi shirka, mu ma haka. A 451 taron Kalsidon ya ƙara bayyana cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma, a cikin mutum ɗaya.

Wannan shi ne abin da Yahaya 1:1-14 ke koyarwa game da Kalman da yake Allah tun fil'azal, ya ɗauki jiki ya zauna tare da mu, da abin da Bulus ya bayyana a Filibiyawa 2:5-11. Kowace Kirsimeti ikkilisiya tana sake furta shaidar Nikiya, ko da mutanenta ba su taɓa jin sunan garin ba.

A lura kuma da inda aka yi yawancin wannan aiki. Kilemen da Atanasiyus a Masar suka yi hidima. Agustin, wanda wa'azozinsa na Kirsimeti suna nan har yanzu, bishop ne na Hippo a Aljeriya ta yau. Atanasiyus ne ya naɗa bishop na farko na Habasha. Sai a 597 masu bisharar da aka aiko daga Roma suka isa wurin kakannin Ingilishi. Wanda ya ce Kirsimeti bikin Turawa ne bai bi sawun tarihi ba.

Turawan ma sun sha fama da lalacewar bikin. Shaye-shaye da masha'a sun yi yawa a cikinsa har majalisar Ingila ta soke shi a 1647, mahukuntan Masacusets a Amurka kuma suka sa tara a kan mai yin sa daga 1659 zuwa 1681. Alhali sunan da muka aro daga Turanci, asalin ma'anarsa taron sujada domin Kristi.

Yadda labarin ya iso ƙasarmu

Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin kawo bishara ƙasar Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin Kirsimetin 1894 ta zagayo, Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Daga wannan mafari ne mishan ta SIM ta fito. A 1900 Bishop Tugwell na CMS da ayarinsa suka isa Kano, Sarki Aliyu Babba ya sallame su. Bayan cin ƙasar Hausa a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, ta kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu har kusan shekara talatin. Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a zamanin jihadi, tana cikin waɗannan wurare.

Abubuwa biyu suka sauya al'amarin. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai tare da abokan aikinsa Hausawa. Sa'an nan wajen 1937 aka danƙa wa SIM kula da kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A cikin wannan buɗi ne SIM ta sami wurin zama a Roni, inda ta yi makarantar yara maza. Masu bisharar Hausa da aka horar a makarantun Littafi Mai Tsarki irin ta Tofa su ne suka ratsa ƙauyukan Maguzawa a ƙafa da kan keke. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma mishan ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ta tarar da ikkilisiyoyin Hausawa a ƙasarta.

Darasin da ke nan shi ne, iyayenmu cikin bangaskiya sun ji labarin haihuwar Mai Ceto da harshensu, a ɗakin shan magani da ajin yaƙi da jahilci da gindin bishiya. Da yawansu marasa lafiya ne da talakawan da ba a lissafa su. Irin waɗanda aka fara yi wa albishir ke nan a Luka 2:8-20, makiyaya masu kwana a daji tare da garkensu, aikin da ba baƙo ba ne a Gwiwa ko a kan iyakar Babura da Nijar.

Kiran sujada

Mu duba abin da kowa ya yi da ya ji labarin. Maryamu ta ɗaukaka Ubangiji. Mala'iku sun yi yabo. Makiyaya sun tafi da hanzari, suka gani, suka ba da labari, suka koma suna yabon Allah. Saminu da Hannatu sun yi godiya a Haikali. Masu hikima daga gabas, a Matiyu 2:11, sun faɗi ƙasa a gabansa kafin su buɗe kayansu. Hirudus ma ya ce zai je ya yi sujada, amma kisa ne a zuciyarsa. Malaman Urushalima kuwa sun san annabcin Mika 5:2 sarai, sun nuna hanyar Baitalami, su da kansu ba su tafi ba. Mu masu digiri da takardun shaida, wannan gargaɗin namu ne.

Hausa ta yi mana gata da kalmar sujada. A wurin maƙwabtanmu, ita ce sa goshi a ƙasa a gaban Mahalicci, ba a kuwa yi wa kowa sai shi. Kalmar Helenancin da Matiyu ya yi amfani da ita ma faɗuwa ƙasa take nufi. Mu kuma da ita muke kiran dukan taronmu na Lahadi. To, duk lokacin da muka ce za mu yi wa Yesu sujada, mun faɗi magana mai nauyi, kuma Musulmin da ya ji mu ya gane nauyinta. Shi ma ya gaskata cewa budurwa ce ta haifi Annabi Isa, labarin yana cikin Suratu Maryam. Inda muka rabu shi ne ko wane ne wannan da aka haifa. Kada mu ɓoye bambancin, kada kuma mu mai da shi abin zagi. Akushin abincin da muke aika musu ran Kirsimeti, kamar yadda suke aiko mana da naman Layya, ba ya rage kome daga shaidarmu.

Abin da ya rage ga mai hidima

Tun farkon Disamba a soma koyarwa daga Ishaya 7 da 9, Luka 1 da 2, da Galatiyawa 4:4-5, domin kada ranar ta iske jama'a ba shiri. A tsara lokacin sujada tare da Zumuntar Mata, gama sau da yawa su ne girki yake hana wa shiga majami'a, alhali su ne ƙashin bayan ikkilisiya. A faɗa wa magidanta a fili cewa sayar da hatsin rumbu ko cin bashi domin ɗinki da nama ba ibada ba ce, damina tana tafe da yunwarta. A inda giya ta saba raka bukukuwan kaka tun zamanin kakanni, dattawa su yi tsayin daka cikin ƙauna. A ware rabon gwauraye da marayu daga baikon ranar. Faston cikin gari kuma, wanda mutum goma sha biyu suka rage masa, ya shirya wa'azinsa kamar majami'a a cike take. Waɗanda suka taru a bakin komin dabbobin nan ba su kai haka ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yaya za ka amsa wa matashin da ya ce Kirsimeti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki?
2. Wace dangantaka ce tsakanin shawarar Nikiya da sujadar masu hikima?
3. Su wane ne hidimar biki take hana wa sujada a ikkilisiyarka, me kuma dattawa za su yi a kai a bana?