Daga madubin ido biyu zuwa akwatin hotunanmu

Tun da bana mun ƙudiri aniyar tattara tsofaffin hotunan ƙungiya, bari mu ɗan waiwayi tarihin hoton kansa.

A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a Faransa, wadda Louis Daguerre ya ƙirƙiro a kan farantin tagulla mai shafen azurfa. Shekara guda kafin nan, wani masani a Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa idon dama da na hagu ba abu ɗaya sak suke gani ba. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa ganin biyu, har mu bambance na kusa da na nesa. Ku gwada mana: ɗaga yatsa, rufe ido ɗaya, sannan ɗayan, za ku ga kamar yatsan ya matsa.

Da wannan hikima aka ƙera madubin ido biyu. Ana ɗaukar wuri ɗaya sau biyu, da 'yar tazara kamar ta tsakanin idanu, a jera hotunan a kati guda. In an leƙa, sai a ga abin da zurfinsa, kamar a miƙa hannu a taɓa. David Brewster ya ƙera ƙarami mai gilashi, wanda ya burge Sarauniya Biktoriya a baje kolin Landan na 1851, daga nan ya shiga gidaje. A 1939 aka fito da View-Master a Amurka, mai faifai ɗauke da hotuna 14, wato kallo 7. Yawancinmu mun tuna danginsa cikin tsarabar alhazai: 'yar na'urar nan da yara ke rububin leƙawa, a danna a ga Ka'aba, a danna a ga Madina.

To su wa suka fara ɗaukar waɗannan wurare masu tsarki? Wani hafsan Masar, Muhammad Sadiƙ, ya ɗauki Madina a 1861, ya ɗauki Makka a 1880. Bayansa sai wani likita ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar. Hotunansa sun fito a Turai a 1889 cikin littafin Baturen Holan, Snouck Hurgronje, ba tare da sunansa ba. Sai da aka daɗe kafin masu bincike suka mayar masa da haƙƙinsa.

Abin da ya sami likitan nan yana iya samun iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya. Akwai hotunan rabon adashi, na ranar da injin niƙa ya iso, na ajin yaƙi da jahilci. Fuskoki na nan raɗau, amma masu iya cewa wannan wance ce, 'yar gidan wane, kullum raguwa suke.

Don haka kowace ta buɗe akwatinta. A zauna da tsofaffi tun suna nan, a rubuta suna, wuri da shekara a bayan kowane hoto, da fensir ba biro ba, don tawada na ɓata takarda. A nisanta shi daga danshi da gara, a ɗauke shi a waya, sannan a kawo wa sakatariya kwafi kafin taronmu na gaba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana haɗin kai. Amin.