Uwaye da Ikon Juya Makaranta: Tarihin Wata Doka a Jahar Kalifoniya

1. Asalin doka

A cikin watan Janairu na shekara ta 2010, gwamnan jahar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Arnold Schwarzenegger, ya sa hannu bisa wata doka wadda ba a taɓa yin irinta ba a ƙasar. Dokar ta ce idan makarantar gwamnati ta yi shekaru ɗalibanta suna faɗuwa jarrabawa, to rabin uwayen yara suna iya sa hannu bisa takardar koke, su tilasta wa hukumar ilimi ta gunduma ta sake mata fasali. Suna iya neman a sauke shugaban makaranta, ko a sake shi tare da rabin malamai, ko a rufe makarantar, ko kuma a mai da ita makarantar yarjejeniya, watau wadda gwamnati ke biyan kuɗinta amma masu zaman kansu ke tafiyar da ita. An ƙayyade cewa makarantun da dokar za ta shafa ba za su wuce 75 ba.

Dalili biyu ne suka haifi wannan doka. Na farko shi ne kukan talakawa, yawancinsu baƙar fata da ƴan asalin Mekziko, waɗanda ƴaƴansu ke gama firamare karatu bai zauna ba. Na biyu shi ne kuɗi. A 2009 gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4 da miliyan 350 don jahohin da suka yi gyara ga iliminsu, Kalifoniya kuwa tana son rabonta. Sanata Gloria Romero ce ta tsaya wa dokar a majalisa, ƙungiyar Parent Revolution ta birnin Los Anjalis ta yi mata yaƙi a waje. Abin mamaki, a zagaye biyu na rabon da aka yi a 2010 jahar ba ta samu ko dala ba, amma doka ta riga ta zauna.

2. Gwajin farko

Garin Kwamton ne aka fara gwadawa. A watan Disamba na 2010 aka miƙa koke mai ɗauke da hannun uwayen kamar kashi 60 cikin 100 na ɗaliban makarantar McKinley. An tara hannuwan a ɓoye, gida gida, don kada hukuma ta farga. Ko da magana ta fito, sai unguwa ta rabu biyu: waɗansu suka ce an yaudare su sun sa hannu, waɗansu suka ce malamai suna tsoratar da su. A 2011 alƙali ya soke koken saboda ba a rubuta kwanan wata a gefen hannuwan ba. Makarantar ta zauna yadda take, sai dai zumuncin uwaye da malamai ya riga ya ɓaci.

Garin Adelanto, wanda ke cikin hamada, shi ne na biyu. A watan Janairu na 2012 uwayen makarantar Desert Trails suka sa hannu bisa takarda biyu, ɗaya ta neman gyara cikin gida, ɗaya ta neman yarjejeniya. Ta biyun aka miƙa. Waɗansu uwaye suka nemi janye hannunsu, hukuma ta ƙi karɓar koken har sau biyu, magana ta kai gaban shari'a. A watan Yuli alƙali ya yanke cewa hannun da aka sa ba ya janyuwa. A watan Oktoba aka yi zaɓen wanda zai riƙe makarantar, kuma waɗanda suka sa hannu kaɗai aka bari su zaɓa. Mutum 53 ne suka jefa ƙuri'a a kan makomar yara fiye da 600. A 2013 aka buɗe ta da sababbin shugabanni da sababbin malamai.

3. Abin da aka biya

Mai karatu zai lura cewa hasarar ta kasu uku. Ta farko ita ce ta amana, kamar yadda aka gani a Kwamton. Ta biyu ita ce ta ma'aikata: a 2013 uwayen makarantar Weigand ta Los Anjalis suka sa aka sauke shugabarta, sai malamai 21 cikin 22 suka nemi a sauya musu wurin aiki. Ta uku ita ce ta lokaci da dukiya. A garin Anahaim, koken makarantar Palm Lane da aka miƙa a 2015 ya yi ta yawo a kotuna har 2017, hukuma ta kashe dubban ɗaruruwan dala wajen lauyoyi, ba a buɗe sabuwar makaranta ba sai 2018. Yaron da ke aji uku ranar da aka fara rigimar ya kusa barin firamare kafin a gama ta.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Ikon da dokar ta ba uwaye na rana ɗaya ne. Da zarar makaranta ta koma hannun masu yarjejeniya, kwamitin da ke mulkinta naɗa shi ake yi, alhali hukumar gunduma jama'a ne ke zaɓenta. Ke nan uwaye sun yi amfani da ikonsu sun miƙa shi ga wani.

Ba ko'ina aka yi hasara ba. A makarantar Titi na 24 ta Los Anjalis, hukuma ta karɓi koken 2013 ba tare da jayayya ba, uwaye suka zaɓi haɗin gwiwa tsakaninta da masu yarjejeniya. Duk da haka dokar ba ta yi nisa ba. Jahohi ƙalilan, irin su Tekzas da Misisipi da Luwiziyana, suka yi tasu, a majalisar dattawan Fulorida kuwa ta faɗi da ƙuri'a 20 da 20 a 2012, ta sake faɗuwa haka a 2013.

4. Kammalawa

Wannan tarihi yana da dangi a ƙasarmu. Tun 2005 aka yaɗa kwamitocin COGES a makarantun firamare na Nijar. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 aka yi gwaji a makarantu 1000 na jahohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin rabinsu kuɗi. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun gano cewa uwaye sun ƙara shiga sha'anin makaranta, amma sakamakon jarrabawa bai ƙaru ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. A Adelanto da Tawa duka, uwaye ba su rasa niyya ba. Abin da suka rasa shi ne cikakken bayani a kan abin da ke faruwa cikin aji, da kujerar da ba a tashe su daga kanta, da kuma malamin da ya yarda aiki da su. Duk dokar da za ta ba uwaye iko nan gaba, da waɗannan uku ya kamata a auna ta.