Tukunyar Nukiliyar Zariya da Yarjejeniyoyin da Suka Kawo Ta

Tukunyar nukiliya ɗaya tak Najeriya ta mallaka, tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sunanta NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, kuma kuɗi kaɗai bai isa ya kawo ta ba, sai da aka yi shekaru ana sa hannu a takardu.

Da tsoro Najeriya ta fara sanin nukiliya. A Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, jama'a suka shiga fargabar abin da iskar hunturu za ta kwaso musu. Da Faransa ta yi kunnen ƙashi, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961. Bayan haka ƙasar ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, a 1964, sannan a 1968 ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya. Cinikin a fili yake: ƙasa ta yi alkawarin ba za ta ƙera bam ba, ta bar masu sa ido su shigo su duba, ita kuma a taimaka mata da fasahar da ba ta yaƙi ba.

A kan wannan sharaɗi Najeriya da Sin da IAEA suka ƙulla yarjejeniyar samar da tukunyar a 1996, aka kunna ta ranar 3 ga Fabrairu, 2004. Ƙaramar aba ce ƙwarai. Ƙarfinta kusan kilowat 30 ne, zuciyarta ba ta fi ɗan bokiti ba, tana nutse cikin ruwa, kuma ba ta ba kowa lantarki. Aikinta awo ne. Ana ƙunshe ɗan garin dutse ko ƙasa a ƙaramin ƙoƙon roba, a harba shi da iska ta bututu zuwa gefen zuciyar, ya ɗan jima, a dawo da shi a sa a na'ura, hasken da yake fitarwa ya tona ƙarafan da ke cikinsa. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san tsadar rashin irin wannan awo: a 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, sai daga baya aka zo da na'urorin hannu masu haske ana auna ƙasar gida-gida.

Yarjejeniya ce ta kawo makamashin tukunyar, yarjejeniya ce kuma ta mayar da shi. Yuraniyom ɗin da aka zuba wa tukunyar da farko an tace shi zuwa kashi 90 cikin ɗari, wato irin wanda ake bam da shi, ko da yake bai wuce kusan kilo ɗaya ba. A 2018, da haɗin gwiwar IAEA da Sin da Amurka, aka musanya shi da mai kashi 13, aka ɗauke tsohon a jirgin sama zuwa Sin a watan Disamba. Gana ta riga yin haka da tata tukunyar a 2017. Abin lura ne cewa Amurka da Sin, da ba su cika jituwa ba, sun haɗa hannu a wannan aiki.

Batun lantarki kuwa har yanzu yana takarda. An kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a 1976, ba ta fara aiki sosai ba sai 2006. Najeriya ta sa hannu da Rasha a 2009, ta sake yi da kamfaninta Rosatom a 2017 kan gina tashar lantarki. An ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, amma ba a gina tasha a ko ɗaya daga cikinsu ba.