Badagiri: Garin Kwakwa da Sarƙoƙi

Duk wanda ya tashi daga Legas ya nufi Kwatano ta hanyar Seme, sai ya ratsa ta Badagiri kafin ya kai bakin iyaka. Direbobi da ’yan kasuwar arewa da yawa sun san sunan garin, amma abin da suka fi saninsa da shi shingayen jami’an kwastan ne da cunkoson motoci. Kaɗan ne ke karkata hagu su gangara tsohon gari, inda titi ke ƙarewa a bakin ruwa. Can ne ’yan makaranta ke zuwa cike da motoci, da baƙaƙen fata daga Amurka da Barazil, da masu neman inuwar kwakwa ranar hutu. Abin kallo a Badagiri bai wuce a zaga shi a wuni guda ba: tsohuwar kasuwar bayi, gidajen tarihi uku ko huɗu, wani ɗan bene, sai tsallaka ruwa zuwa gaɓar teku. Kowannensu kuwa da labarin da masu rakiya ke bayarwa, da kuma wanda takardu suka adana, ba kullum suke haɗuwa ba.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi, garin ba a bakin teku yake ba. A bakin wani dogon tafki yake, ruwa kwance mai bin gaɓa tun daga wajen Fatanobo har Legas, kuma tsakaninsa da teku akwai siririn tudun yashi. Wannan yanayi shi ne tushen arzikin garin da masifarsa. Kwale-kwale na iya ɗaukar kaya da mutane gabas da yamma ba tare da ya taɓa igiyar teku ba. Ta bayan gari kuma hanya ta miƙe arewa zuwa daular Oyo. Jiragen Turawa sai su tsaya can nesa, bayan inda igiya ke karyewa, a kai musu kaya a ƙananan jirage.

A kasuwar Velekete, mai rakiya zai gaya maka an kafa ta ne a 1502. Shekarar ta shiga bakin kowa, har takardun tallan yawon buɗe ido sun ɗauka. Masanin tarihi Robin Law, wanda ya bi takardun kamfanonin Turawa na wancan zamani, ya nuna cewa Badagiri ba ta zama tashar cinikin bayi ba sai wajen 1736. Dalilin kuwa yaƙi ne. Dahome ta ci Allada a 1724, ta ci Wida a 1727, mutanen gaɓa suka watse gabas suna neman mafaka a bakin tafki. Cikin waɗanda suka gudo har da wani ɗan kasuwa mutumin Holan, Hendrik Hertogh, wanda ya kafa cibiyar cinikinsa a Badagiri. Bai daɗe ba aka kashe shi a 1738, amma mutanen gari na tunawa da shi da sunan Huntokonu, kuma har yau ana nuna kabarinsa. ’Yan gudun hijirar nan kowace ƙungiya ta kafa unguwarta da nata shugaba, shi ya sa garin ya tashi da unguwanni takwas, ba mai iko sosai a kan wani. Akran ne babba a cikinsu, amma rigimar cikin gida ba ta taɓa nisa da garin ba. A 1784 Dahome, da taimakon Oyo da Legas, ta auka wa Badagiri ta rusa ta. Ta farfaɗo daga baya, sai dai Legas ta riga ta fara shan gabanta.

Ni a ganina ƙara wa kasuwar shekaru fiye da 200 bai ƙara mata komai ba. Abin da aka yi a cikin shekaru ɗari da ’yan kai ya isa.

Su wa aka sayar a nan? Tambayar da ta fi shafar mai karatu ke nan, kuma masu rakiya ba su cika tsayawa a kanta ba. Da yawa Yarbawa ne da maƙwabtansu. Amma tun ƙarshen ƙarni na 18 Oyo tana sayo bayi daga arewa, ta hanyar Nupe da Bargu, tana gangarowa da su tashoshin wannan gaɓa: Fatanobo, Badagiri, Legas. Da jihadi ya tashi a 1804, yaƙe-yaƙe suka ƙara yawan kamammu, daga ɓangaren masu jihadi da na abokan gabarsu duka. Shaidar hakan tana can ƙetaren teku, a jihar Bahiya ta Barazil. A 1807 hukuma ta gano shirin tawaye na bayi Hausawa a birnin Salbado. A 1809 da 1814 aka yi tawaye na zahiri, Hausawa na kan gaba. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmin birnin suka yi babban boren da ake kira na Male. Wannan karon Yarbawa suka fi yawa, amma akwai Hausawa, kuma ’yan sanda sun samu layu da rubuce-rubucen Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ba kowane ɗayansu ne ya bi ta Badagiri ba. Amma ta wannan gaɓa suka fita, ta irin wannan yashi.

Akwai kuma waɗanda suka yi tafiyar ta ɗaya fuskar. A ƙarshen 1825 Hugh Clapperton ya sauka a Badagiri da nufin komawa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya taɓa ziyarta a 1824 ta hanyar Sahara. Tare da shi akwai baransa Richard Lander, da wani Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ma Abubakar bauta ce ta kai shi teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aiki a jiragensu, sannan ya dawo a matsayin tafinta. Suka bi ta tsohuwar Oyo, suka ƙetare Kwara a yankin Busa, suka isa Kano a 1826, daga nan Sakkwato. Lokacin bai yi musu kyau ba, domin ana cikin yaƙi da Barno, Bello kuma bai yarda a wuce da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu Laminu ba. Clapperton ya kwanta ciwo ya mutu a watan Afrilun 1827.

Lander ya lallaɓa ya dawo Badagiri da takardun ubangidansa. A nan ’yan Fotugal masu sayen bayi suka kai ƙararsa wurin manyan gari cewa ɗan leƙen asirin Ingila ne. Aka yanke masa irin hukuncin da Hausawan da suka sani da shan gwaska: a ba wanda ake zargi ruwan ɓawon itace mai dafi, in ya mutu laifinsa ya tabbata. Ya shanye a gaban jama’a, ya yi sauri ya koma masaukinsa ya sha maganin amai. Da aka ga ya kwana ya tashi, sai aka ce yana da gaskiya. Bayan shekara biyu da ’yan watanni ya sake sauka a garin tare da ƙanensa John, cikin Maris 1830, a tafiyar da suka bi Kwara daga Busa da Yawuri har inda ta shiga teku. Zuwansu ya dace da ƙarshen azumi, kuma a littafinsu sun ba da labarin malamai Hausawa da suka ziyarce su a Badagiri, da sallar idi da suka gani a bayan gari. Wato shekara goma sha biyu kafin mai wa’azin Kirista na farko ya iso, akwai masu kiran salla a garin.

Mai wa’azin shi ne Thomas Birch Freeman na ɗariƙar Metodis, wanda ya zo a watan Satumban 1842, Henry Townsend na Angilikan ya biyo shi a Disamba. Abin da ya jawo su shi ne ’yantattun bayi daga Saliyo da suka fara komowa gida ta Badagiri suna wucewa Abekuta. An ce a gindin wata bishiya mai suna Agiya aka yi wa’azin farko da bikin Kirsimeti na wannan shekara. Bishiyar ta faɗi a 1959, yanzu ginin tunawa ne a wurin.

Kusa da bakin ruwa akwai gidan da ’yan mishan suka kammala a 1845, farin gini mai hawa ɗaya da matakalar katako, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna yana aikin fassara Baibul zuwa Yarbanci. A jikinsa an rubuta cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Bakano ko Bakatsine da ya karanta wannan sai ya yi murmushi. Hasumiyar Gobarau ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma Clapperton da kansa ya ga gidajen ƙasa masu bene a Kano shekara ashirin kafin a gama wannan. Da an ce bene na farko na ginin Turawa, da ba mai musu. Duk da haka gidan ya cancanci a hau shi. Ɗakunan ƙanana ne, katakon yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, daga tagar sama kuma ana hango tafkin da tudun yashin da ke bayansa.

Daga nan tarihin garin ya yi sauri. Akitoye, sarkin Legas da Kosoko ya kora, ya fake a Badagiri, a 1851 magoya bayan ɓangarorin biyu suka gwabza a cikin gari har wuta ta ci yawancinsa. A ƙarshen shekarar Ingila ta yi wa Legas ruwan igwa, ta mallake ta a 1861, Badagiri ta biyo baya a 1863. Ofishin da Turawa suka gina wa jami’insu a lokacin shi ne babban gidan tarihin garin a yau. Akwai kuma ƙaramin gidan tarihi na zuriyar Mobee, inda ake ajiye sarƙoƙin wuya da mari da ƙarfen da ake datse leɓe da shi. Suna barin baƙo ya ɗaga sarƙar ya ji nauyinta. Wasu har rataya ta suke yi a ɗauke su hoto, abin da ni dai ban ga kyansa ba.

Wurin da ya fi tsaya wa mutum a rai shi ne gidan Seriki Williams Abass. Sunan kansa ya isa a tsaya: Seriki ba wani abu ba ne illa Sarki, kalmar Hausa da ta shiga Yarbanci. Bayarabe ne daga yankin Yewa, an kama shi yana yaro, ya ɗauki sunayen iyayengijinsa biyu, Abass da Williams. Labarin zuriyarsa ya ce an kai shi Barazil, ya koyi karatu da harsunan Turawa, ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi. Ya yi dukiya, ya zama Sarkin Musulmin Badagiri, Turawan mulki suka ɗora shi a kan yankin, ya rasu a 1919. A farfajiyar gidansa akwai jerin ƙananan ɗakuna da aka ce guda 40 ne a da, an bar biyu yadda suke domin masu kallo, kowanne da ’yar taga guda can sama. Sauran jikokinsa da ’yan haya ne a ciki, ana girki ana shanya a ƙofar ɗakunan. Mai rakiya zai nuna maka wata tsohuwar laima ya ce mutum 40 aka bayar aka karɓe ta. Kabarin Seriki na nan cikin gidan.

Musulmi mai ziyara ba shi da inda zai ɓuya a wannan gida. A sauran wuraren yana iya cewa aikin Turawa ne, ko na masu bautar gumaka. A nan mai gidan shugaban jama’ar Musulmi ne, ya san ɗacin bauta a jikinsa, kuma bai hana shi ba. Ba shi kaɗai ba ne: kasuwar Kurmi ma tana da nata sashen bayi har Turawa suka ci Kano a 1903, sai dai mu ba mu ajiye ɗakunan ba.

Ziyarar takan ƙare ne da tsallaka tafki zuwa tsibirin Gberefu. ’Yan mintuna ne a jirgin ruwa mai inji, sannan a taka da ƙafa ta cikin yashi da itatuwan kwakwa wajen minti ashirin ko fiye. A tsakiyar hanya akwai rijiya da ake cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta, wai an yi mata asiri don su manta da gida. Ko an yi asirin ko ba a yi ba, bai ci Hausawan Bahiya ba, tunda sun isa can da addininsu da rubutunsu da harshensu. Ƙarshen hanya wurin da ake kira Inda Ba A Komowa, ginin tunawa ne yana fuskantar teku. Igiyar wurin tana da ƙarfi, ba ta wanka ba ce. Masu son wanka da kiɗa sukan tafi wuraren shaƙatawa da ke hanyar Seme, inda ake hawan doki a kan yashi, ana sayar da gasasshen kifi da ɗanyar kwakwa a fasa maka nan take.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babban titi mai tsawon fiye da kilomita 1,000 daga Illela a jihar Sakkwato zuwa Badagiri, ta Kabi da Neja da Kwara da Oyo. Kusan layin da Clapperton da Abubakar Bagobiri suka bi ke nan suka hau, wanda kamammu suka bi suka gangaro a ɗaure. Su Clapperton sai da suka shafe wata bakwai kafin su ga ganuwar Kano.