Birnin Kalaba: Wuraren Tarihi, Namun Daji da Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

A ci gaba da bayanan da muke kawo wa jama'a game da muhimman garuruwan ƙasarmu Nijeriya, wannan karo za mu yi bayani ne a kan Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba kuma ɗaya daga cikin tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na ƙasar nan. Mun zaɓi wannan birni ne saboda dalilai biyu. Na farko, mutanenmu da dama suna zuwa can domin fatauci ko karatu ko aikin yi wa ƙasa hidima. Na biyu, akwai abin lura ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai a cikin yadda wannan jiha ta tafiyar da dazuzzukanta da wurarenta na tarihi, da inda ta dace da kuma inda ta yi tuntuɓe.

Wuri da Yanayi

Kalaba tana kudu maso gabashin Nijeriya, kusa da iyakar Kamaru, a tsakanin Kogin Kalaba da Kogin Kwa. Ba a kan gaɓar teku take ba sosai, jiragen ruwa kan biyo mashigin kogi ne daga Tekun Atilantika kafin su iso tasharta. Birnin ya ƙunshi ƙananan hukumomi biyu, wato Kalaba ta Birni da Kalaba ta Kudu, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa suna da mutane kimanin 371,000. Asalin mazauna wurin su ne ƙabilun Efik da Kwa da Efut, kowace da sarkinta na gargajiya.

Ruwan saman da ake yi a Kalaba yakan kai kusan milimita 3,000 a shekara, wato kimanin ninki uku na abin da Kano take samu. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya yi sauƙi kuma hanyoyin ƙauyuka suka bushe.

Mai tahowa daga Arewa a mota yakan biyo ta Makurɗi da Gboko, ya shiga Ogoja, ya wuce Ikom da Ugep, sannan ya isa Kalaba. Ya kamata a lura da wannan, domin yawancin tsaunuka da dazuzzukan da za mu ambata suna arewacin jihar ne, matafiyi zai riske su tun kafin ya isa birnin. Akwai kuma filin jirgin sama na Margaret Ekpo a cikin gari.

Wuraren Tarihi

Tun daga ƙarni na 17 Turawa suke zuwa Kalaba sayen bayi, kuma dubban mutane aka yi jigilarsu daga wannan gaɓa zuwa nahiyar Amurka. Bayan da Birtaniya ta haramta cinikin bayi a shekarar 1807, sannu a hankali manja ya zama babbar hajar garin. Daga baya Kalaba ta zama mazaunin gwamnatin Turawan mulkin mallaka ta Kudancin Nijeriya, har zuwa shekarar 1906 da aka mayar da hedkwata Legas.

Babban wurin da ya kamata baƙo ya fara da shi shi ne tsohon gidan Razdan, wanda yake kan tudu yana kallon kogi. An ƙera sassan wannan gida ne a Birtaniya, aka kawo su a jirgin ruwa, aka harhaɗa a shekarar 1884. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne na ƙasa, inda ake ganin takardu da hotuna da kayayyakin zamanin cinikin bayi da na manja. Haka kuma a wurin shaƙatawa na Marina da ke bakin kogi akwai wani gidan tarihin da aka keɓe domin nuna irin azabar da bayi suka sha.

Har ila yau, a unguwar Duke Town akwai kabarin Mary Slessor, wata 'yar mishan daga Sikotlan wadda ta iso a shekarar 1876, ta yi fice wajen yaƙi da al'adar kashe tagwaye, ta rasu a 1915. Akwai kuma makarantar Hope Waddell da aka kafa a 1895, wadda marigayi Dokta Nnamdi Azikiwe yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta. A Kalaba ne kuma Turawa suka ajiye Sarkin Binin, Oba Ovonramwen, bayan sun ci birninsa da yaƙi a 1897, kuma a nan ya rasu a 1914.

Namun Daji

Jihar Kuros Riba ce take da mafi girman abin da ya rage na tsohon kurmin Nijeriya. Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a shekarar 1991, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,000, kuma ya kasu kashi biyu: sashen Oban da ke kusa da Kalaba, da sashen Okwangwo da ke arewa. Dukkansu sun haɗa iyaka da gandun dajin Kamaru. Mai tunanin zai ga dabbobi a fili kamar yadda ake gani a Yankari, to ya sani ba haka kurmi yake ba. Itatuwa sun rufe sama, sai an yi tafiyar ƙasa tare da ɗan jagora, kuma sau da yawa kukan dabba ake ji ko a ga sawunta.

Wanda yake son ganin dabbobi ido da ido, ya nufi Drill Ranch, wurin da ƙungiyar Pandrillus ta fara a 1991 domin ceton wani irin biri da ake kira dril. Biri ne babba mai baƙar fuska da gajeriyar jela, wanda duk duniya ba a samunsa sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Yawancin waɗanda aka fara da su marayu ne da maharba suka kashe iyayensu. Ƙungiyar tana da ƙaramin wuri a cikin birnin Kalaba, da kuma babba a gindin tsaunin Afi cikin Ƙaramar Hukumar Boki, inda ake kula da birran cimfanzi su ma.

Dabbar da ta fi jawo wa jihar suna ita ce gwaggon birin Kuros Riba, wanda ake ƙiyasin waɗanda suka rage ba su kai 300 ba, a Nijeriya da Kamaru baki ɗaya. A ɓangaren Nijeriya wurare uku ake samunsa: tsaunin Afi, da tsaunukan Mbe, da Okwangwo. Dabba ce mai tsananin gudun mutane, da wuya baƙo ya gan ta. A kusa da ƙauyen Boje kuma, tsattsewa masu gudun sanyin Turai sukan taru su kwana a cikin ciyawar tsauni, har ana ƙiyasta su da miliyoyi, kuma da almuru ake zuwa kallon saukarsu.

Yawon Ruwa da na Tsauni

Daga bakin kogin Kalaba ana ɗaukar jirgin ruwa mai inji zuwa tsohon garin Creek Town ko zuwa Oron a Jihar Akwa Ibom. A hanya ana ganin masunta da irin itatuwan nan masu tsiro a cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu suke fitowa waje, kuma a cikinsu kifi da jatan lande suke hayayyafa. Sai dai wani irin kwakwan ruwa mai suna nifa, wanda aka shigo da shi Kalaba daga Asiya a 1906, yana ta mamaye wuraren waɗannan itatuwa.

A Ƙaramar Hukumar Akamkpa akwai magangarar ruwa ta Kwa, wadda ake sauka wurinta ta matakala fiye da 200. A kusa da Ikom akwai magangarar Agbokim mai rassa bakwai, da kuma tsofaffin duwatsu kimanin 300 da aka sassaƙa da siffar fuskar mutum. Can arewa kuma akwai tsaunin Obudu mai tsawon fiye da mita 1,500, inda aka kafa gidan kiwon shanu a 1951. Wuri ne mai sanyi da hazo, tsakaninsa da Kalaba ya haura kilomita 300, don haka ba tafiyar je-ka-dawo ba ce.

Bikin Disamba

Tun shekarar 2004, zamanin Gwamna Donald Duke, ake gudanar da babban bikin raye-raye da ado a titunan Kalaba a watan Disamba. An dakatar da shi a 2020 da 2021 saboda annobar korona. A wannan lokaci masauki yakan yi tsada ƙwarai. Muna tunatar da jama'a cewa a ranar 27 ga Disamba, 2022, wata mota ta afka wa 'yan kallo a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, mutane da dama suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu. A guji tsayawa a bakin kwalta, musamman da yara.

Abin Lura ga Shugabanni

A shekarar 2007 aka buɗe katafariyar cibiyar kasuwanci da shaƙatawa ta Tinapa, wadda ta ci maƙudan kuɗi, amma ba ta samu masu ciniki kamar yadda aka yi fata ba, shagunanta da yawa suka zauna a rufe. Haka nan motar da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe zuwa saman Obudu, wadda aka kafa a 2005, ta yi shekaru ba ta aiki saboda rashin gyara.

A tsaunukan Mbe kuwa, ƙauyuka tara ne suka haɗu suka kafa ƙungiya domin tsare dajinsu, tare da taimakon ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta fara aiki da Gwamnatin Jihar Bauchi a Yankari a 2014. 'Ya'yan ƙauyukan ne masu gadin dajin, wasunsu ma tsofaffin maharba ne. A shekarar 2020 aka fitar da hotunan da na'urar ɗaukar hoto da aka ɗaura a jikin itace ta ɗauka, na garken gwaggon biri ɗauke da 'ya'ya ƙanana, abin da ya nuna cewa suna hayayyafa.

Duk da haka, sare itatuwa da faɗaɗa gonaki suna ci gaba da cin kurmin. Gwamnatin jihar ta hana saran katako a 2008, amma masu yi a ɓoye ba su daina ba, kuma an ɗage dokar a 2023. Abin da muka fahimta shi ne, doka daga sama ba ta tsare daji sai mutanen da ke zaune a gefensa sun ga amfaninsu a ciki, kuma gini ba ya ɗorewa sai an ware kuɗin kula da shi tun daga farko.

Shawarwari ga Matafiya

1. Kada a shiga gandun daji sai da izinin hukumarsa da kuma ɗan jagora.
2. Kada a sayi ɗan biri ko aku ko naman daji a bakin hanya. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta haramta cinikin da yawa daga cikinsu.
3. Kada a shiga jirgin ruwa ba tare da rigar kariya ba, kuma kada a yi tafiyar ruwa da dare. An sha samun fashi da garkuwa da mutane a hanyar ruwan Kalaba zuwa Oron, don haka a nemi shawarar jami'an tsaro tukuna.
4. A tafi da gidan sauro da takalmi mai rufi da rigar ruwa.
5. Garin ya shahara da miyar afang da edikang ikong, amma Musulmi ya tambayi irin naman da aka sa. Akwai masallatai da abincin halal a Bogobiri.

Kammalawa

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da iyayen ƙasa da su ƙididdige abin da Allah ya hore wa yankunansu na daji da tafki da dutse da tsofaffin gine-gine, su zauna da manoma da makiyaya da maharba a kan yadda za a tsare su. Makarantun da ke shirin kai ɗalibai Kalaba kuma su sanar da sashen ilimi na ƙaramar hukumarsu kafin tafiya. Allah ya kiyaye hanya.