Kwaɗayi daban, daɗi daban: tarihin binciken Kent Berridge

A shekarar 1954, a jami'ar McGill ta birnin Monreyal a Kanada, James Olds da Peter Milner sun dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli. Duk sa'ad da ɓeran ya danna, sai ɗan lantarki ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa. Ɓeran ya dinga dannawa ba ƙaƙƙautawa. Masana suka ce an gano mazaunin jin daɗi. Daga baya kuma, a shekarun 1970 da 1980, ra'ayi ya karkata ga cewa sinadarin dofamin ne tushen wannan daɗin.

Da wannan ra'ayin Kent Berridge, wanda aka haifa a 1957, ya kama koyarwa a jami'ar Mishigan ta Amurka a 1985. Ma'auninsa shi ne fuskar ɓera: in an ɗiga masa ruwan sukari sai ya lashi leɓe, in an ba shi abu mai ɗaci sai ya wage baki ya girgiza kai, tamkar jinjiri. A 1989, shi da Terry Robinson da wata abokiyar aikinsu sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi kan ɓerayen da aka rage wa kusan dukkan dofamin ɗinsu. Ɓerayen sun daina neman abinci, har da za su mutu da yunwa in ba a ciyar da su ba. Amma da sukari ya taɓa harshensu, sai suka lashi leɓe kamar da. Ashe daɗin yana nan, kwaɗayin ne ya tafi.

A 1993 Robinson da Berridge suka ɗora bayanin jarabar shaye-shaye bisa wannan bambanci. A wurin wasu mutane, yawan shan ƙwaya yana sa hanyoyin dofamin su riƙa zabura fiye da kima. Kwaɗayi sai ya yi ta ƙaruwa, alhali daɗin bai ƙaru ba, wani lokaci ma raguwa yake yi. Canjin yakan daɗe, shi ya sa ganin tsohuwar majalisa ko tsohon abokin sha kan tayar da jarabar ga wanda ya daina tuntuni. An daɗe ana muhawara kan wannan bayani, sannan a 2019 aka ba su biyun lambar yabo ta Grawemeyer.

Wannan tarihi ya shafi malamin da ke ganin yadda tramol ke cin samari a Maraɗi da Damagaram. Saurayin da ya ce ba ya ƙara jin daɗin ƙwayar amma ya kasa bari, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Faɗa kaɗai ba zai ishe shi ba. Yana bukatar likita, da sauyin majalisa, da haƙurin iyaye na tsawon lokaci.